Kifi a Kan Tudu

Ranar da ƙafar Kifi ta karye, hadari ya kwana a kan gari bai zubar da ko ɗigo ba. Gari ya waye a lulluɓe, babu rana, babu iska, ganyen bishiya ko motsi ba ya yi. Irin zafin nan ne mai danshi, wanda mutum zai fito daga wanka, kafin ya sa riga ya sake jiƙewa. Waɗanda suka je bakin madatsar ruwa da sassafe sun ce ruwan ya kwanta kamar an shimfiɗa zane. Har yau in ana maganar ranar, da wannan ake farawa.

Ba iyayensa ne suka raɗa masa Kifi ba. Abokan tsere suka laƙaba masa, sunan ya bi shi wurin aiki, ya bi shi gida. Sana'arsa guga ce. Yana aiki a ɗakin wanki na wani babban otal, can ƙarƙashin ƙasa, inda babu taga sai bututai a saman kai suna ɗiga. Injinsa wani ƙaton murfi ne mai zafi. Ka shimfiɗa zanen gado, ka taka feda da ƙafar hagu, murfin ya sauko ya danne, tururi ya tashi, ka ɗaga ƙafa ya buɗe. Tun yana saurayi yake kan injin nan har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Matarsa tela ce, tana ɗan ɗinki a tsakar gida, amma kowa a gidan ya san ƙafar hagun nan ce ke ciyar da su.

Mutum ne mai shiru, ba ya shiga sabgar da ba tasa ba. Baƙin otal suna kwana a kan zanen da ya goge, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, shi ma bai damu ba. Da hawan jini ya fara taɓa shi, likita ya ce ya riƙa motsa jiki, ya yi dariya a ransa, don a ganinsa wanda ke tsaye tun safe har yamma ya gama motsa jiki.

A shekarar ne otal ya sauki waɗansu baƙi masu gasa. Kayansu suka sauko ɗakin wanki, waɗansu 'yan riguna matsattsu masu santsi, aka ce kada a kuskura a sa musu zafi. Ya ɗaga guda ya juya ta, ya tambayi mai kawo kayan ko ta yara ce. Aka ce ta manya ce, masu gasar zango uku. Za su faɗa ruwa su yi iyo zuwa can tsakiyar madatsa su dawo, su fito jiƙe su hau keke su zagaye bayan gari, su sauka daga keke su kama gudu da ƙafa har filin wasa. Ba hutu a tsakani.

Abin ya tsaya masa a rai. Shi a bakin kogi ya tashi, ya iya ruwa kafin ya iya ɗaura wando. Keke kuwa shi ne ƙafarsa zuwa aiki kullum. Biyu cikin uku ke nan yana da su a hannu. Na ukun kuma ai gudu ne kawai, wa bai iya gudu ba?

Da shekara ta zagayo ya ba da sunansa cikin masu yi don sha'awa, waɗanda ba a biyan su komai sai lambar ƙarfe ta ratayawa ga duk wanda ya kai ƙarshe. Aka busa usur suka faɗa ruwa. Ya fito cikin na farko-farko, da ƙaton cikinsa da furfurarsa, ya bar samari a baya suna haki. Jama'a suka ɗauki tafi. Bai taɓa jin an tafa masa ba tunda yake. A kan keke waɗansu suka wuce shi, bai damu ba. Da ya sauka ya sa ƙafa a kwalta zai yi gudu, sai ya ji kamar ƙafafun aro aka ba shi. Ya yi ta ja har wata gada da ke rabin hanya, nan ya zauna a gefen titi, ya kasa tashi.

Akwai wata mota da ke bin bayan masu tsere a hankali, tana kwashe waɗanda suka gaza. 'Yan gasa suna ce mata motar shara. Direbanta wani tsoho ne mai barkwanci. Ya leƙo ya ce, “Ba kai ne ka fito daga ruwa kamar an harbo ka ba? Ashe kifi ne, tudu ya gagare shi. Hau mu je.”

Daga nan sunan ya samo asali.

Shekara ta biyu, gadar nan. Ta uku, gadar nan. Har ya zama direban in ya doso wurin sai ya rage gudu tun kafin ya gan shi, ya ce, “Kifi, na ajiye maka kujerarka ta gaba.” Kifi ya yi murmushi ya hau. Amma in ya koma gida sai ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki.

Matarsa ta gaji da gani. Wata rana tana kan keken ɗinki ta tsayar da ƙafa ta ce, “Baban yara, wai me aka ajiye maka a filin nan? Ƙarfen da ko murfin tukunya ba zai yi ba?”

Ya ce, “Sau ɗaya nake so in shiga ƙofar filin nan da ƙafata. Sau ɗaya tak. Ranar da na shiga, ki ɗauki takalman guduna ki ba wanda kika ga dama.”

“Ka yi alkawari?”

“Na yi.”

“To Allah ya kawo ranar, mu huta da warin takalmi a ƙofar ɗaki.”

Wanda ya ɗauki nauyin koya masa gudu wani mai gyaran wuta ne da ake kira Dogo, ƙaninsa a shekaru amma yayansa a tsere, don ya kai ƙarshe sau da yawa. Dogo ba mugu ba ne. Abin da aka koya masa shi ya koyar. Ya ce matsalar Kifi ita ce ƙafarsa ba ta saba da gudu a gajiye ba, maganin kuwa shi ne ya riƙa sauka daga keke ya kama gudu nan take, kamar ranar gasa. Masu yin haka sukan yi shi jefi-jefi ne, su huta a tsakani. Kifi ya ga ai shi kullum yana sauka daga keke. Sai ya mai da shi na kullum. Ya tashi daga aiki bayan ya wuni a tsaye yana taka feda, ya tuƙa keke zuwa gida, ya jingine shi a bango, ko ruwa bai sha ba ya sa takalmi ya fita.

Hanyar madatsa yake bi, ya wuce ma'ajiyar katako, ya wuce makarantar da ke da dogon bango, ya kai gadar, ya taɓa ƙarfenta da hannu ya juyo. Masu shaguna a hanyar suka san shi. Cikinsa ya zube, wuyansa ya fito, hawan jinin ya sauka har likita ya yaba. Matarsa ta rage masa wanduna. A wannan lokacin, gaskiya, ya fi kowane lokaci kyan gani.

Dogo yana da wata doka da 'yan gudu ke faɗa wa junansu. Ya ce, “Yaya Kifi, ciwo iri biyu ne. Akwai baƙo, akwai ɗan gida. In ka fara gudu da ciwo, jiki ya yi ɗumi ya tafi, baƙo ne, kada ka kula shi. In jiki ya yi ɗumi yana nan, ko ya ƙaru, wannan ɗan gida ne, sai a tsaya a saurare shi.”

Kifi ya riƙe wannan magana da kyau.

Ana saura 'yan watanni gasa, wani ciwo ya zo masa a matsematsin hagu, can ciki, inda yatsa ba ya kaiwa. Ba mai tsanani ba. In ya fara gudu sai ya ji shi, kafin ya kai ma'ajiyar katako ya ɓace. Ya ce baƙo ne. Bayan 'yan makonni sai ya zama ba ya ɓacewa sai ya kai bangon makaranta. Daga baya sai gada. Rannan ya je gada ya dawo, ciwon yana nan tare da shi har ƙofar gida, ya shiga ɗaki da shi, ya kwana da shi.

A bisa dokar Dogo, nan ya kamata ya tsaya. Ya sani sarai. Amma tsayawa tana nufin wata shekarar, kuma bana ne karo na farko da yake jin ƙafarsa za ta kai. Washegari a hanyar dawowa daga aiki ya biya kemis ya sayi ƙwayar ciwon jiki. Ya haɗiya kafin ya sa takalmi. Kafin ya kai ma'ajiyar katako ciwon ya tafi. Ya ce a ransa, to ai ga shi, ya tafi da ɗumi, baƙo ne.

Da guda ta daina isa sai ya ƙara.

Matarsa ce ta fara lura. Mutumin da ke sa wando a tsaye kamar zakara, yanzu sai ya zauna a bakin gado, ya kama cinyar hagu da hannu biyu ya ɗaga ta ya zura. Ta ce, “Yaushe ka fara sa wando a zaune?”

Ya ce, “Tsufa ne, Hajiyar ɗinki. Ke ma ai da tabarau kike zura allura yanzu.”

“Allura daban, ƙafa daban. Ka je a duba ka.”

“Bayan gasa.”

“Komai bayan gasa. In na mutu ma bayan gasa za ka binne ni.”

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

A wurin aiki ya koma taka feda da ƙafar dama, yana karkacewa a gaban injin kamar mai leƙen ƙarƙashin gado. Mai kula da ɗakin wankin ya tambaye shi, ya ce yana hutar da ta hagu ne don gasa. Aka yi masa dariya aka bar shi. Dogo ma ya ga yana ɗan ɗingishi in sun tsaya, ya tambaya, “Yana tafiya da ɗumi?” Kifi ya ce, “Yana tafiya.” Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi abin da ke korar sa ba.

To, ranar nan ta hadarin da ya ƙi zubowa ta zo. Ya haɗiyi ƙwayarsa tun a gida, ya sa waɗansu a aljihun rigar tsere. Matarsa, wadda ba ta taɓa zuwa kallo ba, ta ce yau za ta je filin wasa ta jira shi, don ta karɓi takalman da hannunta. Ta ɗauki tawul da gorar ruwa.

A ruwa ya yi abin da ya saba. A kan keke ya ƙara haɗiyar ƙwaya. Da ya sauka ya kama gudu, ƙafafun suka amsa masa, ba kamar sauran shekaru ba. Zufa tana zuba har cikin takalmi, iska ta ƙi motsi, mutane suna ta tsayawa a gefen hanya suna riƙe gwiwa, shi yana wuce su ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce ma'ajiyar katako. Ya wuce bangon makaranta. Ya hau gada. Bai taɓa ƙarfenta ba, bai ko kalle ta ba, ya sauka ta ɗaya gefen, inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ranar gasa ba. Wani mai shago da ya san shi ya daka tsawa, “Kifi ya haye! Wallahi ya haye!”

Bayan gada ciwon ya dawo, ya huda ƙwayar ya fito. Yanzu ba a matsematsi kaɗai ba, har gwiwa, kamar ana soka masa ƙarfe mai zafi duk taku. Ya rage gudu bai tsaya ba. Ya shiga dogon titin da ke kaiwa filin wasa. Yana jin lasifika tana kiran lambobin waɗanda suka shiga. Yana hango tutocin ƙofar.

Ba rami ya faɗa ba, ba wanda ya ture shi, titin a shimfiɗe yake sumul. Ya dai sa ƙafar hagu a ƙasa kamar yadda ya sa ta sau dubbai, sai ya ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Wata mata da ke tsaye a gefen titi ta ce ita ma ta ji ƙarar. Ya faɗi a kan fuskarsa.

Ya yunƙura zai tashi. Ya dafa hannu biyu, ya ja ƙafar dama, ta hagu ta ƙi biyo shi. Ya waiwaya ya gan ta kwance a karkace, yatsun suna kallon waje, kamar ba tasa ba. Duk da haka ya sake yunƙurawa. Mutane suka danne kafaɗarsa suna cewa ya kwanta, yana cewa su sake shi, ga ƙofar can, ko da rarrafe ne.

Motar asibitin gasar tana can bayan gari wurin wani da ya faɗi da keke. Motar shara ce ta fara isowa. Tsohon direban ya leƙo da fara'arsa, ya ce, “Kifi! Na duba gada ban gan ka ba, na ce yau na yi asarar fasinja...” Sai idonsa ya sauka a kan ƙafar. Ya fito ya buɗe bayan motar, ya kwantar da kujeru, aka nemo wani faffaɗan katako aka ɗora Kifi a kai.

Hanyar asibiti ta gaban ƙofar filin take bi. Matarsa tana tsaye a wurin da tawul a kafaɗa, tana duba fuskar duk wanda ya shigo. Motar ta wuce ta gabanta ba ta sani ba. Sai da Dogo, da lambarsa a wuya, ya zo ya tsaya a gabanta shi kaɗai, sannan ta gane.

Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ya nuna musu. Wuyan ƙashin cinya ne, daidai inda yake shiga ƙugu. Ya ce ba yau ya karye ba, watanni ya yi yana tsagewa kaɗan-kaɗan, yau dai ya ƙarasa. Ya tambaya ko an ga alama, kamar kasa tsayawa da ƙafa ɗaya. Matar ta ce, “Wando.” Likitan bai gane ba, ta yi masa bayani. Ya ce da a lokacin aka zo, hutu da sanda kawai za su warkar da shi. Hadarin nan sai da yamma ya zubo, suna jin sa a kan kwanon asibiti.

Aka yi aiki aka sa ƙarfe. Dogo ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado yana murza hularsa. Can ya ciro lambar tasa ya ajiye a kan bargo, ya ce, “Yaya, taka ce. Ka fi ni cancanta.”

Kifi ya tura ta da bayan hannu. “Ɗauki abarka. Ban shiga ƙofar ba.”

“Ni na ce maka in ya tafi da ɗumi...”

“Dokarka ba ta yi laifi ba, Dogo. Ciwon ɗan gida ne. Ni na riƙa sa masa rigar baƙo.”

Dogo ya fita baranda ya daɗe bai dawo ba.

Ƙashin ya haɗe amma bai yi kyau ba. Jini ya daina isa kan ƙashin yadda ya kamata, ya riƙa lotsawa a hankali, ƙafar ta gajarce. An ce akwai wani aikin da za a iya yi nan gaba, a canja ƙugun gaba ɗaya, amma ko an yi, gudu ya ƙare. Otal ya jira shi iya jira, sannan aka ba wani mutum injin nasa. Ranar da ya koma, da sandarsa, ya tarar da sabon mai guga yana taka fedar, wadda tsakiyarta ta lotsa daidai tafin ƙafar Kifi. Ya tsaya yana kallo har mai kula da ɗakin ya jawo masa kujera.

Matarsa ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Ta ƙara karɓar ɗinki, idonta ya ƙara rauni. Babban ɗansu ya bar abin da yake koyo ya nemi aiki. Takalman gudun suna nan a bayan ƙofa. Wata rana tana shara ta ɗaga su ta ce, “Waɗannan fa? In bayar?”

Ya ce, “Alkawarin ai in na shiga ne.”

Ta mayar da su inda suke, ta share gefensu.

Likita ya ce iyo zai yi wa ƙugun amfani, don haka wani lokaci Dogo yakan ɗauke shi a babur zuwa madatsa. A cikin ruwa ba ya ɗingishi, ba a gane wace ce gajeriyar ƙafar. Yakan yi nisa har Dogo ya fara kiran sa. Fitowar ce wahala. Sai ya zo bakin gaɓa ya tsaya, ruwa iya ƙirji, ya daɗe a nan kafin ya miƙa hannu a ba shi sanda.

Kifi yana nan da ransa. Yana ɗakin wankin nan na ƙarƙashin otal, a kan kujera kusa da ƙofa, yana ninke tawul a zaune, albashinsa bai kai na da ba. Da sanda yake tafiya, motar haya yake hawa zuwa aiki. Ranar gasa ba ya fita daga gida.